Ranar da Na Fitar da Garkuwa Daga Layi

Ranar wata Laraba ce bayan la'asar, a tsakiyar yankan shinkafa, ina aji biyar na firamare, saura shekara guda a ba mu jihar Kebbi. Ina tsakar gidanmu a Birnin Kebbi ina bakacen shinkafar da Inna ta surfa, sai Gwaggo Kulu ta yi sallama da kwandon bandar kifi a kanta. Kafin su gama gaisawa da Inna na riga na ajiye faifai, na tsuguna gaban kwandon ina jira. Ta harare ni ta ce in bari ta sha ruwa tukuna, amma ta san ba zan bari ba, don haka ta zura hannu ƙarƙashin tsumman da take rufe kifin da shi, ta zaro littafin ta miƙo mini. Littafin rubutu ne na makaranta mai shuɗin bango, ya sha mai ya sha hayaƙi har takardunsa sun koma ruwan ƙasa. Na tsallake duk shafukan da na sani na kai ga na ƙarshe, sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Garkuwa, jarumin da muka ƙirƙira ni da Mu'azu ɗan kawuna, yana tsaye a layi. An zana hoton wani mutum mai doguwar hula an ɗaure a jikin sanda, mutane sun jeru a bayan hoton, kuma na farkonsu Garkuwa ne, da rigarsa mai launin tuta, da homarsa ta kamun kifi a kafaɗa, ya tsaya kamar kowa yana jira a ƙirga shi. Ban sha wahalar gane mai hular ba, domin Mu'azu ya zana masa wushiryarsa. Kawu ne.

Sai na koma baya kaɗan in faɗi inda Garkuwa ya samo asali. Duk ƙarshen wata Baba yakan shigo mana da tsire, kuma ni takardar da aka naɗo naman ta fi damuna da naman kansa. Wasu lokuta tsohuwar jarida ce, amma wasu lokutan sai a yi sa'a a samu shafi mai zane-zane masu launi, na wasu ƙarti masu tashi sama da ɗaga motoci, maganarsu tana fitowa daga bakinsu a cikin wani zagaye kamar ƙwai. Ina goge man da toka, in danne shafin a ƙarƙashin tabarma har ya miƙe. Da na matsa wa mai tsiren da tambaya sai ya gaya mini cewa wajen wani ɗan kasuwa yake sayen takardun a buhu, mutumin kudu ne da ake kira Oga Obi, wanda ya zauna a garinmu tun kafin a haife ni, Hausa a bakinsa har da irin tamu ta nan. Daga ranar na zama ƙarfen ƙafa a shagonsa, shi kuma ya riƙa ware mini masu zanen. Ban taɓa samun labari ɗaya cikakke ba. Shafi ne daga tsakiya, ba farko ba ƙarshe, ga Turancin ya fi ƙarfina, don haka ni nake cike gurbin da kaina. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wasu daga cikin ƙartin nan tutar ƙasarsu suke sawa a jiki.

Da aka yi dogon hutu na tafi da tarin shafukana Argungu gidan Kawu, yayan Inna. Ni da Mu'azu sa'anni ne, kuma abokan wasa, ba ma haɗuwa sai mun yi tsiya. Yana ce mini mai tsoron ruwa, ina ce masa mai warin kifi. Amma da ya ga shafukan nan sai ya bar tsiya ya ce, "To mu ina namu?" Kwana uku muka yi a gindin mangwaron bayan gida muna gardama. Shi ya dage sai jarumin ya hau gora irin ta masunta, wadda suke kwanciya a kanta cikin gulbi, sai dai tasa tana tashi sama, kuma makaminsa homa, tarun hannu mai baki biyu da ake kifa wa kifi. Ni kuma na dage sai ya sa kore da fari da kore, kuma a rufe masa fuska da rawani har hanci don kada kowa ya ce ɗan gidan wane ne. Sunan ma sai da muka kusa dambe a kansa. Garkuwa ya yi ayyuka da yawa a shekara ɗaya da rabi. Ya kama garken tsuntsayen jan baki gaba ɗaya a homarsa kafin su sauka a fadama, ya tare ambaliya da ƙirjinsa, ya ɗauko motar takin zamani da ɓarayi suka karkatar ya dire ta a tsakiyar kasuwa. Akwai lokacin da na sa shi ya je har Legas ya raba faɗa, ko da yake ban san yadda Legas take ba, sai na zana ta da rumbuna.

Da hutu ya ƙare muka rasa wanda zai riƙe littafin, sai Gwaggo Kulu ta raba mana gardama. Maƙwabciyar su Kawu ce, ba danginmu ba, amma kowa Gwaggo yake ce mata. Kowace Laraba takan kawo banda Birnin Kebbi, ta kwana a gidanmu, ta koma ranar Alhamis. Muka shirya cewa littafin zai riƙa bin kwandonta. Idan ya zo mini ina da mako guda in zana shafi biyu, Laraba mai zuwa in ba ta, shi ma Mu'azu ya yi mako guda da shi. Muka kafa doka ɗaya tak, muka rantse a kanta: abin da ɗaya ya zana, ɗayan ba ya gogewa, ba ya yagewa, sai dai ya ɗora daga inda aka tsaya. Wannan doka ta sa muka riƙa yi wa juna mugunta. Na taɓa jefa Garkuwa cikin rijiya na rufe bakin da dutse don in ga yadda Mu'azu zai yi, shi kuma ya rama ya ɗaura masa aure da wata aljana a ƙarƙashin gulbi. Ba mu kaɗai muke karantawa ba. A makarantarmu idan aka tashi tara, yara sukan zagaye ni a gindin darbejiya, ina nuna zanen ina karantawa da murya iri-iri, har masu tallan gyaɗa suna leƙowa. Haka ma a makarantar su Mu'azu. Gwaggo Kulu ba ta karatun boko, amma a mota take buɗewa ta bi hotunan, kuma ita ce ta fara gaya mini cewa ban iya zana hannu ba.

A shekarar nan ne soja suka ce za a yi zaɓen ƙananan hukumomi. Jam'iyyu biyu ne kacal, kuma ba a jefa ƙuri'a a akwati. Ana kafa hoton kowane ɗan takara a fili, ka je da ƙafarka ka tsaya a bayan wanda kake so, rana tsaka, kowa yana ganinka, sannan malamin zaɓe ya bi layi yana ƙirgawa da ƙarfi. Kawu ya fito takarar kansila a mazaɓarsu. Manomin albasa ne, mai dariya da ƙarfi, mai son mutane har ya yi yawa. Abokansa na majalisa ne suka zuga shi, suka ce duk unguwar tasa ce. Tun da ya amsa, in ji Gwaggo Kulu, ba a sauke tukunya a gidan ba, kuma ƙofar gidan kullum kamar ana suna.

Da farko ba fushi na yi da zanen Mu'azu ba, tambayoyi ne suka cika mini kai. Garkuwa yana da katin zaɓe? Wa ya yi masa rajista alhali ba a taɓa ganin fuskarsa ba? A wace unguwa aka rubuta shi, tun da yau yana garin Gulma gobe yana Legas? Idan malamin zaɓe ya zo kansa, ɗaya zai ƙirga shi ko ɗari? Washegari na kai littafin makaranta kamar kullum. Ina buɗe shafin, wata ƙawata Saratu, wadda ba ta taɓa rasa zaman karatun Garkuwa ba, ta tambaye ni wane ne mai hular. Na gaya mata, har da alfahari. Ta tambayi jam'iyyarsa, na faɗa. Sai ta miƙe ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ashe Garkuwa ba namu ba ne." Babanta na ɗaya jam'iyyar ne, har da hoton alamarsu a ƙofar gidansu. Yara uku suka bi ta. Waɗanda suka rage suka fara ihu suna cewa Garkuwa nasu ne, abin da ya fi ɓata mini rai fiye da tafiyar su Saratu. Na rufe littafin ban ƙarasa ba.

Ina da kwana shida kafin in mayar da amsa, sai na shiga bin mutane da tambaya, wadda dama ita ce sana'ata tun ina ƙarama. Na fara da Baba. Malamin makaranta ne, kuma an ɗauke shi cikin masu ƙirga a wata rumfa a cikin gari. Yana gyaran kekensa a zaure na tambaye shi ko ya kamata mai sanye da tuta ya shiga layi. Bai yi mini dariya ba, shi ya sa nake son yi masa tambaya. Ya ce shi ma ranar ba zai tsaya bayan kowa ba, domin wanda aka ba amanar duka layukan biyu ba ya shiga ɗaya. Ya ce idan tuta ta tsaya a layi guda, to mutanen ɗaya layin a wace ƙasa suke? Wannan magana ta zauna mini sosai, na riƙa maimaita ta a hanyar ɗebo ruwa kamar hadda.

Na je wajen Oga Obi, tun da shi ne ya fi kowa ganin irin waɗannan jarumai. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin ɗayansu yana zaɓe. Ya yi tunani da gaske, ya ce bai taɓa gani ba, amma kada in dogara da shi, domin shafukan ba sa zuwa a cike, wataƙila shafin zaɓen wani ya ci tsire da shi. Na ce to shi fa, bayan wa zai tsaya? Ya dubi hagu da dama, ya rage murya ya ce ranar zaɓe zazzaɓi zai kama shi, ya riga ya ji alamarsa. Rabin masu sayayya a shagonsa na wannan gefen ne, rabi na wancan, kuma duk suna da ido. Na fito ina mamakin yadda Baba da Oga Obi duk ba za su shiga layi ba, amma ɗaya yana faɗi da ƙirji a buɗe, ɗaya yana raɗa.

Gwaggo Kulu kam da na kawo mata maganar a ranar da ta dawo, ko ɗaga kai ba ta yi ba daga jera kifinta. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, mutum shina da ƙahwa shi ƙi tsayawa? Wanda duk bai hito ba, an san bai hito ba." A wajenta babu wani abu wai shi na kowa. Ranar layi, ko ka tsaya a nan, ko ka tsaya a can, ko a rubuta maka a zuci cewa ka ɓuya. Sai na kai wa Inna tambayar. Ta karɓi littafin ta duba shafin, ta daɗe tana bin layin da yatsa. Mu'azu ya zana mutane a bayan Garkuwa har bakin takarda, da wuri ya ƙare masa sai ya riƙa yin ƙananan kawuna a gefe-gefe, ɗaya kan ɗaya. Inna ta ce, "Allah sarki, Mu'azu," ta miƙo mini, ta koma bakin murhu. Na ɗauka zanen ne ya burge ta.

Na riga na yanke hukunci tun kafin ranar. Doka ta hana ni gogewa, amma ba ta hana ni wayo ba. A shafina na farko na zana wani yaro ya sheƙo da gudu yana ihu cewa jan baki sun sauka a gonakin shinkafar Gulma. A na biyu na zana Garkuwa ya haye gorarsa ya tashi sama, ya bar gurbinsa a gaban layi fayau, malamin zaɓe ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗarsa ya taɓa iska. Na fitar masa da babban zagayen magana daga baki, na rubuta da manyan baƙaƙe: "Ni na kowa ne, ba na tsayawa bayan kowa." Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na nuna wa Saratu kafin in aika, ta dawo gindin darbejiya, ta kawo mini har da aya. A raina na ce Mu'azu zai ji haushi na kwana biyu, sannan ya nemo hanyar ramawa kamar yadda muka saba, kuma har na ƙosa in ga irin dabarar da zai yi.

Laraba ta zagayo, Gwaggo Kulu ta sauke kwando, na tsuguna. Ta ce babu. Na ce ko ya manta ne? Ta ce bai manta ba, ta tambaye shi har sau biyu, ya ce bai gama ba. Wata Larabar ma haka. Na fara jin wani abu yana ci mini rai, amma na riƙa gaya wa kaina cewa ni ke da gaskiya, har Baba ma ya faɗa. Ana jibi zaɓe Inna ta ce in shirya mu tafi Argungu. Ba za ta iya tsaya wa yayanta ba, domin a Birnin Kebbi aka yi mata rajista, amma ta ce ko ruwa ne ta ɗebo wa baƙi.

Mun tarar da gidan cike. An yanka rago, ana ta tuƙa tuwon shinkafa, maza a ƙofar gida suna ci suna yi wa Kawu kirari, suna cewa abokin takararsa ya fara haɗa kayansa. Mu'azu yana ta kai da kawowa da kwanuka. Na tare shi na ce masa mai warin kifi, ya ce sannu da zuwa, ya wuce. Tun da muke bai taɓa yi mini sannu da zuwa ba. Na lura da wani abu kuma: duk wanda ya miƙa wa kwano sai ya tsaya ya dube shi a fuska, leɓɓansa suna motsi. Sai daga baya na gane ƙirga su yake yi.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a filin makarantar firamare. Mu yara muka hau katanga. An kafa sanduna biyu da hotuna, tsakaninsu bai fi taku goma ba, maza da layinsu mata da nasu a bayan kowane hoto. Da aka ce a jeru sai fili ya ruɗe na ɗan lokaci, sannan ya lafa, abin da ke akwai ya fito. Layin ɗaya mutumin ya miƙe ya wuce rijiyar makaranta ya lanƙwasa ta bayan aji. Na Kawu bai kai ko inuwar darbejiyar farko ba. Na ga mutanen da suka ci tuwo jiya, wasunsu suna wancan layin sun zuba wa ƙasa ido, wasu kuwa ko ƙeyarsu ba a gani ba, an ce sun yi sammakon zuwa fadama. Gwaggo Kulu tana gaban layin mata na Kawu, ta ɗaure ɗankwali tamau, tana kiran sunayen matan wancan gefen ɗaya bayan ɗaya tana gaishe su da gangan. Kawu yana tsaye kusa da hotonsa cikin babbar riga sabuwa, yana murmushi, wushiryar nan a waje, amma hannunsa yana ta gyara hular da ba ta karkace ba.

Ban ga lokacin da Mu'azu ya sauka daga katangar ba. Sai dai na hango shi a ƙarshen layin babansa, ya tsaya a bayan wani tsoho, ya miƙe wuya ya ɗaga dugadugansa don ya ƙara tsawo. Malamin zaɓe ya taho yana taɓa kafaɗu yana ƙirgawa, jama'a suna amsa masa. Da ya zo kan Mu'azu ya tsaya, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce yaro ya fita. Mu'azu bai motsa ba, sai da wani ɗan sanda ya kama hannunsa ya ja shi gefe. Mutanen wancan layin suka fashe da dariya. A nan, a kan katangar, na gane abin da Inna ta gani a shafin nan. Mu'azu ya daɗe da jin tsoron wannan rana. Yana jin maganganun da manya ba sa yi a gaban Kawu, ya san cikar ƙofar gida ba ita ce layi ba. Shi bai isa zaɓe ba, mutum ɗaya ne tak a duniya da yake da iko ya tura ya tsaya wa babansa, kuma ni na ɗauke shi na aika shi korar tsuntsaye. Kunya ta kama ni har na kasa kallon inda yake.

Washegari da sassafe Kawu ya cire babbar riga ya ɗauki fartanya ya tafi lambun albasarsa, Mu'azu ya bi shi. Gidan ya yi tsit, sai wanke-wanken manyan tukwane. Na shiga ɗakin su Mu'azu na samu littafin a cikin jakar makarantarsa. Bai zana komai ba bayan shafina. Na zauna a bayan rumbu na zana abin da ban taɓa zana mai kyaunsa ba: Garkuwa ya gama da tsuntsayen ya dawo a guje, ya sauka daga gorarsa, ya tsaya a gaban layin Kawu, ya dafa sandar hoton da hannunsa. Har hannun ma ya yi kyau. Ban sa masa magana a baki ba, don ban san me zai ce ba. Na bi hanyar fadama na same su suna ban ruwa, Kawu a can ƙarshen kwamin albasa, Mu'azu yana buɗe wa ruwa hanya da ƙafarsa. Na miƙa masa. Ya goge hannunsa a riga ya karɓa, ya daɗe yana dubawa. Babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, da ma akwai da na fi samun sauƙi. Ya rufe littafin ya miƙo mini ya ce, "An gama ƙirga, Balki." Ya koma kan ruwansa.

Ba mu ɓata ba. Da hutu ya zagayo muka ci gaba da tsiyarmu, yau ma idan na je Argungu sai ya tambaye ni ko na koyi iyo. Kawu bai sake takara ba, kuma har ya rasu yana ba da labarin layinsa yana dariya. Amma Garkuwa bai sake tashi ba. Na aika littafin sau biyu, ya dawo yadda ya tafi, daga nan na daina.

Yanzu ina zaune a unguwar Gesse a Birnin Kebbi, ina da 'ya'yan da suka girmi shekarunmu na lokacin. Idan zaɓe ya zo nakan shiga ɗan lungun da aka kewaye, in dangwala yatsa in naɗe takarda in jefa, in fito in gaisa da maƙwabtana ba tare da kowa ya san inda na sa hannu ba. Hakan ya fi, ba na musu. Ba wanda zai sake tsayawa rana tsaka yana kallon waɗanda suka ci tuwonsa suna sunkuyar da kai. Sai dai wani lokaci nakan yi kewar zamanin da abin da ke zuciyar mutum yake fitowa fili da ƙafafunsa, har yarinya a kan katanga ta iya gani. Yarana suna kallon irin jarumansu a waya, kuma na taɓa jin suna gardamar wace jam'iyya wani daga cikinsu zai bi. Na tsaya na saurara, domin har yau tambayar ba ta sake ni ba. Idan na auna maganar Baba, har gobe ina ganin mai sanye da tuta bai kamata ya tsaya bayan hoton kowa ba. Amma wanda ya zana shi a layin nan ba jam'iyya yake nema wa ƙuri'a ba, yaro ne ɗan shekara goma sha ɗaya da ba ya son babansa ya tsaya shi kaɗai. Na tambayi kowa a gari abin da ya dace da Garkuwa, ban tambayi Mu'azu me ya sa ya zana ba.